Daga cikon zaiba zuwa haƙorin Makka: Abin da wa'adin 2034 ke nufi ga mutanen Diffa

A farkon watan Nuwamban 2025 ne ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Minamata suka kammala taronsu na shida a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, inda suka amince cewa nan da shekarar 2034 za a daina ƙera cikon haƙori mai zaiba, a kuma daina cinikinsa tsakanin ƙasashe. Sai dai an bar wa likita damar amfani da shi idan ya ga lalurar majinyaci ta tilasta. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 2017, Najeriya ta biyo baya a 2018, don haka matakin ya hau kan asibitocin da ke tsallaken nan da tsallaken can na kogin Komadugu.

Cikon da ake magana a kai, wanda likitoci ke kira amalgam, shi ne abin nan mai ruwan toka ko baƙi da ake gani a turamen haƙoran manya. Kusan rabinsa zaiba ce, wato ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa da masu haƙar ma'adinai ke kama zinariya da shi, wanda wasu ke kira makuri. Ragowar kuma garin azurfa ne da kuza da jan ƙarfe.

Turai ta riga ta yi gaba. Norway ta hana shi a 2008, Suwidin a 2009, Tarayyar Turai kuma daga ranar 1 ga Janairun 2025. A Diffa lissafin daban yake. Cikon da zai tafi shi ne mafi jure wa baki a cikin masu araha, a yankin da mutumin ƙauye kan ɓata yini kafin ya ga likitan haƙori. Idan madadinsa bai iso da wuri ba, tare da horo da sa ido, abubuwa biyu da tuni suke nan ne za su cike gurbin: cire haƙori, da ƙarafan kasuwa da babu wanda ya gwada su.

Abin da baki ke yi wa ƙarfe

Manomin tattasai a Geskeru ko Shetimari ya san abin da danshi ke yi wa injin ban-ruwa idan aka bar shi a bakin kogi. Masu haƙar kanwa da dafa gishiri a kwaruruwan Gudumariya da Maine-Soroa sun san ruwan gishiri ya fi ruwan rijiya saurin cin kwano da shebur. Bakin ɗan'adam ya haɗa danshin da gishirin, ya ƙara da zafi da tsami da nauyin tauna.

A kowace rana mutum na fitar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi, kuma akwai gishiri a cikinsa. Zafin baki yana kusa da digiri 37, amma kofin shayi na iya ɗaga shi sama da 50, ruwan ƙanƙara ya sauke shi cikin ƙiftawar ido. Ƙarfe da haƙori ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna, shi ya sa a hankali ƴar kafa ke buɗewa a tsakaninsu. Turmin babban mutum kuma na iya danna abinci da nauyin da ya kai kilo 50 ko fiye.

Sai batun tsami. A ma'aunin tsami da masana ke amfani da shi, 7 ce tsakiya, kuma duk lambar da ta yi ƙasa tsaminta ya fi ƙarfi. Yawu yakan tsaya kusa da 7. Farin ɓawon haƙori na fara narkewa idan aka sauko ƙasa da 5.5. Lemun kwalba irin na kola yana wajen 2.5, ruwan lemun tsami ma a wannan layin yake, zoɓo da tsamiya su ma masu tsami ne sosai. Sukari kuwa ta bayan gida yake shigowa: ƙwayoyin cutar da ke manne da haƙori na mayar da shi tsami cikin ƴan mintoci, kuma yawu na buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin ya daidaita bakin. Matashin da ke zaman shayi daga la'asar zuwa dare, kofi na farko da na biyu da na uku duk da sukari, bakinsa kan shafe awanni cikin tsami.

Ƙarafa na kare kansu ta hanya biyu. Zinariya da filatinom ba sa haɗuwa da abin da ke cikin yawu, shi ya sa ake samun su yadda suke ko bayan shekaru. Kuromiyom da titaniyom kuwa wata siririyar fata suke yi wa kansu da iskar da ake shaƙa, wadda ido ba ya gani, ita ce ke tsare ƙarfen da ke ƙasa. Gishiri da tsami na huda wannan fatar, musamman a lungun da iska ba ta shiga, kamar ƙarƙashin bakin hular haƙori ko inda dattin abinci ya taru.

Akwai kuma matsalar haɗuwar ƙarfe biyu. Idan ƙarafa iri daban suka zauna cikin ruwan gishiri suna taɓa juna, sun zama batir, kuma wanda ya fi rauni ne ke narkewa. Wannan ne dalilin da ya sa mai cikon zaiba ke jin kamar wutar lantarki ta ja shi idan ya ciji cokali ko takardar alminiyom.

Dalilin daɗewar cikon zaiba, da dalilin tafiyarsa

Tarihin cikon ya yi nisa. Wani littafin magunguna na ƙasar Sin na shekarar 659 ya ambaci kwaɓin azurfa da zaiba na cike haƙori. A 1833 aka kai shi Amurka daga Turai, a shekarun 1890 kuma likita G.V. Black ya daidaita yadda ake haɗa shi. Babban gyaran ya zo a 1963, lokacin da masu bincike biyu a Kanada, Innes da Youdelis, suka ƙara yawan jan ƙarfen da ke ciki. Wannan ya kawar da ɓangaren kuza da zaiba, wanda shi ne mafi saurin tsatsa a tsohon haɗin.

Wani abin mamaki game da cikon shi ne tsatsarsa na yi masa amfani. Abin da ke fita daga jikinsa yana taruwa a kafar da ke tsakaninsa da haƙori ya toshe ta, sai ƙwayoyin cuta su rasa hanyar shiga. Yana kuma yafe wa likita ɗan danshi lokacin aiki, ba ya buƙatar fitila ta musamman, kuma yakan wuce shekara goma, wani lokaci ashirin.

Ba don ya gaza a baki ake sallamarsa ba. Zaibar da ke cikinsa ce ke ƙarewa a magudanar asibiti da shara da ƙasa, daga nan ta shiga ruwa, ƙwayoyin halitta su mayar da ita gubar da ke taruwa a jikin kifi. Sunan yarjejeniyar ma daga garin Minamata na Japan aka samo shi, inda a 1956 aka gano cutar jijiyoyi a jikin masunta da iyalansu sakamakon zaibar da wata masana'anta ta riƙa zubawa a teku. Yankin da tattalin arziƙinsa ya jingina da kifin Tafkin Chadi da na Komadugu ba ya buƙatar dogon bayani kan hatsarin gurɓata ruwa.

Ƙasashen Afirka na cikin waɗanda suka matsa a hana shi. Botswana da Burkina Faso ne suka gabatar da buƙatar a madadin nahiyar a 2023, suna neman 2030. Tun a taron Bali na 2022 aka amince a kauce wa sanya shi ga yara ƴan ƙasa da shekara 15, da masu ciki, da masu shayarwa.

Duk da haka, ya kamata a auna abin da ma'auninsa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna aikin haƙori na cin tan 200 zuwa 300 da ɗoriya na zaiba a shekara a duniya, yayin da haƙar zinariya ta gargajiya ke fitar da kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ayyukan ɗan'adam ke watsawa a iska. A Nijar, zaibar da ta fi yawa tana filayen zinariya irin su Jado da Tchibarakaten, waɗanda suka cika da matasa tun 2014.

Masu jiran gado

Na farko shi ne farin ciko na roba, wanda ake kira kwamfozit. Launinsa irin na haƙori ne, ba ya tsatsa tunda ba ƙarfe ba ne, kuma ba a buƙatar fafe haƙori da yawa kafin a sa shi. Amma yana da nasa raunin. Yakan ɗan tsuke lokacin da yake daskarewa, yana shan ruwa a hankali, gam ɗin da ke riƙe shi na lalacewa da shekaru. Wajibi ne wurin ya bushe ƙayau yayin aiki, abin da ke buƙatar injin zuƙe yawu, da fitila mai shuɗin haske da ke daskarar da shi.

Wani bincike da aka yi kan yara a birnin Lisbon na Fotugal ya bi cikon turame sama da 1,700 har shekara bakwai. Kashi 94.4 cikin 100 na cikon zaiba sun tsira, na roba kuma kashi 85.5, kuma mafi yawan waɗanda suka lalace sabon kogo ne ya kama gefensu. An inganta farin cikon tun bayan wannan bincike na 2007, amma har yanzu ingancinsa ya dogara da kayan aiki da hannun mai sawa.

Na biyu shi ne simintin gilashi, wanda masana biyu a Landan, Wilson da Kent, suka bayyana a 1972. Yana manne wa haƙori da kansa, yana jure ɗan danshi, yana kuma sakin sinadarin fulorayid da ke rage sabon ruɓewa. Rauninsa shi ne ba ya ɗaukar nauyin tauna a babban kogo, kuma tsami na zaizaye shi. A ƙaramin kogo mai fuska ɗaya kuwa yana aiki sosai.

Abin da ya sa simintin ya dace da wuri irin Diffa shi ne hanyar sa shi. A tsakiyar shekarun 1980, wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, ya ɓullo da dabara a Tanzaniya: a kankare ruɓaɓɓen wurin da ƙananan kayan hannu, a cika da simintin, a danna da yatsa mai safar roba. Babu injin fafewa, babu lantarki, sau da yawa ma babu allurar kashe zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallata dabarar a 1994.

Na uku ruwan magani ne mai azurfa da fulorayid, wanda ake shafawa a kogo ya tsayar da ruɓewa, sai dai yana mayar da wurin baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi, tare da simintin gilashi da man goge baki mai fulorayid, cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Farin ciko na roba ya shiga jerin a 2023.

Nisan Diffa da likita

A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, miliyan 480 daga cikinsu a yankinta na Afirka, inda likitan haƙori uku ne kacal ga kowane mutum 100,000. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancinsu, kuma mafi yawan waɗanda ake da su a Yamai suke, sama da kilomita 1,300 daga Diffa. Babban asibitin ƙasa na Damagaram ya haura kilomita 450.

Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Diffa na da mutum kusan 600,000. Bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, sama da mutum 200,000 ne suka rasa matsugunansu ko suka tsallako daga Najeriya, wasu a sansanin Sayam Forage, wasu a gefen babbar hanya. A da, mai hali kan tsallaka ta Damasak ya nufi Maiduguri, inda ake da asibitin koyarwa da tsangayar koyon aikin haƙori. Rashin tsaro ya gurgunta wannan hanya, sannan rufe iyaka na 2019 zuwa 2020 da na 2023 zuwa 2024 suka ƙara wahalar da ita.

A irin wannan yanayi, daɗewar ciko ba ƙaramar magana ba ce. Mazaunin Paris da cikonsa ya fita zai koma wurin likita cikin mako. Makiyayi daga Ngurti ko masunci daga Ngigmi da nasa ya fita yakan haƙura da maganin kashe ciwo na kan tebur har haƙorin ya mutu, daga nan sai cirewa. Ƙurjin haƙorin da aka bari kuma na iya gangarawa wuya ya toshe numfashi, kuma yana kisa.

Farin ciko na roba na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar aiki, da ɗakin ajiya mai sanyi, domin zafin da ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu na lalata shi tun yana cikin kwali. Ragin kashi 50 cikin 100 na kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, da hukumomin Nijar suka fara aiwatarwa a Satumban 2024, ya sauƙaƙa shiga asibiti, amma ba zai cike haƙori ba idan kayan cikon ba su cikin sito.

Haƙorin Makka da lissafin zinariya

Ƙarfen da aka fi gani a bakin mutanen Manga da ƙasar Hausa ba daga asibiti yake fitowa ba. Haƙorin Makka, wato hular ƙarfe da alhazai ke sawa a fiƙa ko haƙorin gaba, tsohuwar alama ce ta sauke farali. Mata sun fi zaɓar mai launin zinariya, maza kuma mai launin azurfa. Yanzu matasa na sa shi don ado ko ba su je Makka ba, a shagunan Kano ko Maiduguri ko Damagaram, ko a hannun masu yawo da jaka.

Bambancin ƙarafan biyu sananne ne tun zamanin sahabbai. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun kawo labarin Arfajah ɗan As'ad, wanda ya rasa hancinsa a wani yaƙi kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan wajen halatta ɗaure haƙori da zinariya saboda lalura. Kimiyyar yau ta san dalili: azurfa na haɗuwa da sinadarin farar wuta da ke cikin ƙwai da albasa da wanda ƙwayoyin cutar baki ke fitarwa, sai ta yi baƙi, zinariya kuwa ba ruwanta.

Abin tambaya shi ne ko abin da ke ƙyalli a bakin Hajiya zinariya ce. A Oktoban 2025 farashin zinariya ya haura dala 4,000 kan kowane oza, wato giram 31.1. Kenan a lokacin giram ɗaya ya kusa dala 130, sama da jika 70 na sefa. Hular zinariya da aka zuba ta yadda ya kamata kan ci giram biyu ko fiye. Duk hular da aka sayar ƙasa da kuɗin giram ɗaya, haɗe da ladan aiki, to ko dai ta yi siririn da tauna za ta huda, ko kuma wani ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinariya. Araha dai ba ta ado.

Ƙarafan da ake kwaikwayon zinariya da su galibi tagulla ce, ko haɗin jan ƙarfe da alminiyom. A cikin yawu mai tsami suna dusashewa, su saki jan ƙarfe, su bar kore ko baƙin layi a dasashi da ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Ruwan zinariyar da aka shafa musu na gogewa da asuwaki da tauna, kuma da zarar ya huje sai batir ɗin nan ya tashi tsakanin zinariyar sama da ƙarfen ƙasa, tsatsar ta fi ta da sauri. Farar hula kuma sau da yawa ƙarfe maras tsatsa ne mai kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8. Mai kyansa yana jurewa, likitocin yara ma na amfani da shi. Amma nikel na cikin ƙarafan da jiki ya fi ƙi, musamman ga mata, kuma macen da ɗan kunnen kasuwa ke sa wa ƙaiƙayi na iya samun kumburi da zafi a dasashi.

Akwai ƙa'idar duniya kan wannan. Hukumar daidaita ma'auni ta ISO ta tanadi a jiƙa ƙarfen haƙori kwana bakwai cikin ruwan gishiri da tsami irin na nono, a ma'aunin tsami 2.3 da zafin digiri 37. Abin da ya narke kada ya wuce maikurogiram 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na miligiram, a kowane murabba'in santimita. Dalma da kadmiyom da beriliyom kada kowanne ya wuce kashi 0.02 cikin 100, nikel kuma dole a rubuta shi a jikin kwali idan ya wuce kashi 0.1. Hular da aka zaro daga kwalba babu suna babu takarda ba ta da shaidar ta bi ta wannan gwaji.

Ba kowane haƙorin Makka ne jabu ba, akwai na zinariya ta gaske da suka shekara talatin a baki lafiya lau. Sai dai ko ƙarfen na kirki ne, hular da ba a auna ta da haƙorin ba tana barin kafa a gindinta, abinci ya taru, haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Mafi muni shi ne a goge lafiyayyen haƙori don hular ta shiga, domin ɓawon da aka goge ba ya dawowa.

Wayar ado da aikin ƙasashen waje

Sabon yayin da TikTok da Instagram ke yaɗawa tsakanin matasan birane shi ne wayar gyaran haƙori ta ado, wadda ake saye ta intanet a manna a shagon kwalliya. Ta asibiti ana yin ta da ƙarfe maras tsatsa ko haɗin nikel da titaniyom da aka gwada, likita kuma na duba ta lokaci zuwa lokaci. Ta kasuwa babu mai sanin abin da ke cikinta, ga shi tana iya jan haƙora ta karkatar da su. Tailan ta hana sayar da ita tun 2006, bayan hukumomin ƙasar sun yi gargaɗi kan ƙarafa masu guba irin su dalma a jikinta.

Ƴan ci-rani da ɗalibai da ke yin aikin haƙori a Turkiyya ko Masar ko Dubai ko Turai su ma abin ya shafe su. Dashen haƙori na titaniyom, wanda likita Brånemark na Suwidin ya fara yi wa majinyaci a 1965, yana cikin mafi jure wa baki, amma fatarsa na raunana idan fulorayid mai yawa ya haɗu da tsami mai ƙarfi. Man goge baki na yau da kullum ba shi da wannan matsala. Inda ake samun cikas shi ne a dawo gida a ƙara hular wani ƙarfe daban kusa da tsohon aiki ba tare da an san me ke bakin ba. A Tarayyar Turai doka ta ba majinyaci damar karɓar takardar bayanin hular da aka ƙera masa, kuma ya dace a nemi irinta a ko'ina a adana ta tare da fasfo.

Abin da ya rage kafin 2034

Shekarun da suka rage ba su kai goma ba, kuma yawancin aikin ba na manyan kuɗi ba ne. Hukumar ONPPC mai sayo wa asibitocin gwamnati magunguna na iya saka simintin gilashi da ruwan azurfa cikin kayan da ake aika wa jihohi a kai a kai. Ma'aikatan jinya na cibiyoyin lafiya na CSI, waɗanda su ne mutumin Bosso ko Tumur ke fara gani, ana iya horar da su dabarar cikon hannu don ƙananan koguna, su tura manya zuwa asibitin jiha. Ɗakin haƙori na asibitin jiha kuma na buƙatar wutar sola da injin zuƙe yawu da fitila mai caji kafin a ce masa ya koma farin ciko. Kafin lokacin, ragowar cikon zaiba da ake cirewa ya kamata a tara shi a rufaffen mazubi maimakon a bar shi ya bi magudana.

Hukumar alhazai ta COHO na da dama a hannunta, tunda duk shekara ana yi wa maniyyata bita. Minti goma kan haƙorin Makka ya isa: a tambayi karat nawa ne, a karɓi rasit, kada a yarda a goge lafiyayyen haƙori. Maganaɗisu ba ya raba gardama, domin ba ya kama tagulla kamar yadda ba ya kama zinariya. Maƙerin zinariya ne ke iya gwada ta, kuma kafin a manna ake gwadawa.

Ga wanda ke da tsohon cikon zaiba da bai fashe ba, matakin Jeniba bai ce ya cire shi ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda a 2020 ta shawarci masu ciki da ƙananan yara da masu ciwon ƙoda su kauce wa sabon cikon zaiba, ita ma ba ta goyi bayan cire lafiyayyen ciko ba, domin fafe shi na cin haƙori, yana kuma sakin tururin zaiba a lokacin aikin. Alamomin da ke buƙatar ganin likita su ne ɗanɗanon ƙarfe da ba ya gushewa, sauyin launin dasashi a gindin hula, jini, wari, ko zafi idan an sha sanyi.

Duk cikon da aka ambata, daga zinariya har simintin gilashi, babu wanda ya kai ɓawon haƙori na asali dacewa da baki. Rage yawan lokutan shan sukari a yini, kurkure baki da ruwa bayan shayi ko lemu, da goge haƙora sau biyu da man da ke da fulorayid, ko da tare da asuwaki ne, su ne abin da ke hannun kowa a Diffa tun yau. Sauran kuma ya rage ga hukumomin lafiya a Yamai su tabbatar simintin gilashi ya isa Ngigmi kafin kwalin cikon zaiba na ƙarshe ya ƙare.